Koyon rubuta manhaja a kamfani alhali kana karatun lisans: amsa ga wani ɗalibi a Yamai

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibi da ke shekara ta biyu ta lisans a fannin lissafi da kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa ƴan kasuwa da ƙungiyoyi manhaja ya yi masa tayin ya riƙa zuwa koyon aiki ana ba shi ɗan alawus a wata, mahaifinsa kuma ya ce taura biyu ba ta taunuwa, ya gama karatu tukuna. Yana so ya san ko ya karɓa, kuma in ya karɓa, ta yaya zai yi kada karatun ya salwanta.

Ƙanena, shawarata ita ce ka karɓa, amma bisa sharaɗi biyu waɗanda in ɗaya ya faɗi to maganar Baba ce daidai. Na farko, a samu wani gwani a kamfanin, mutum mai suna wanda ka sani, da zai riƙa karanta abin da ka rubuta yana gyara maka. Na biyu, a rubuta awannin aikinka a takarda, kuma su kasance awannin da ɗalibi zai iya ɗauka. Na daɗe ina wannan sana'a, ɗalibai masu sitaj da dama sun wuce ta hannuna, kuma abin da ya raba waɗanda suka amfana da waɗanda suka yi asarar shekara bai wuce waɗannan abubuwa biyu ba.

Ya kamata ka fara sanin cewa abin da aka yi maka tayi ba shi ne tsarin da ake jin labarinsa a Turai ba, ko da sunan ya yi kama. A Ingila, tun 2015 akwai tsarin da matashi zai zama ma'aikacin kamfani da cikakken albashi kuma ya fito da digiri ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba, domin kamfani da gwamnati ne ke biya. Daga 2017 aka ɗora wa manyan kamfanoni, waɗanda albashin da suke biya a shekara ya haura fam miliyan 3, harajin kashi 0.5 cikin 100 na wannan albashi domin ɗaukar nauyin masu koyon aiki, kuma ƙa'ida ta ware wa mai koyo kusan yini guda a kowane mako daga lokacin aikinsa domin karatu. A Faransa ma akwai kwantiragin koyon aiki ga ƴan shekara 16 zuwa 29, wanda ake biyan wani kaso na mafi ƙarancin albashi gwargwadon shekarun mutum da shekarar da yake a cikin koyon, kuma dole kamfani ya naɗa masa wanda zai horar da shi. A can, makaranta da kamfani sun san da juna, jadawalinsu ma tare aka tsara shi. A nan kuwa muna da asusun FAFPA da ke tallafa wa koyon sana'a, muna da hukumar ANPE da ke tura matasa sitaj, amma jadawalin lisans na jami'ar gwamnati ba domin ma'aikaci aka yi shi ba, kuma malamin da zai sa gwaji ranar Talata da safe bai san maigidanka yana jiran ka a ofis ba. Kariyar da doka ta yi wa ɗan Ingila da ɗan Faransa, kai da bakinka za ka nemo ta kafin ka fara.

Mu yi lissafin lokaci, domin a nan ne yawancin ɗalibai suke ruɗin kansu. Tsarin LMD (lisans, masta, dakta) da ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, suka amince da shi a 2007 ya raba lisans zuwa zango 6, kowane zango kiredi 30, jimilla 180. Kiredi ɗaya ana ƙiyasta shi da awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi, wato zaman aji da darussan gwaji da kuma karatun da mutum zai yi shi kaɗai. Zango ɗaya ke nan yana neman awa 600 zuwa 750, in kuma ka raba su a kan makonni 16 za ka samu tsakanin awa 37 da 47 a mako. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, ta 25 ga Satumba 2012, ta sa makon aiki awa 40. Ka ga ashe lisans ɗin kansa cikakken aiki ne, wanda kuma ya ɗora masa wani cikakken aikin ya ɗauki kusan awa 80 a mako, fiye da awa 11 kullum har da Juma'a da Lahadi, ba a sa lokacin hanya ba. Mai ƙarfin hali zai jure wata ɗaya ko biyu, daga nan sai wani ɓangare ya fara zubewa, kuma karatun ne ke fara zubewa, saboda kamfani yana kiran waya in ba ka zo ba, jami'a kuwa ba ta kira, sai ranar da aka liƙa sakamako.

Saboda haka abin da nake ganin ɗalibin shekara ta biyu zai iya ɗauka shi ne awa 15 zuwa 20 a mako lokacin karatu, sannan cikakken lokaci a hutu. Ka nemi a haɗa maka su wuri guda, misali yini biyu cikakku, ko rabin yini uku da Asabar, maimakon awa biyu nan awa biyu can. Jami'a tana Harobanda, ofisoshi da yawa suna wancan ƙetaren, kuma duk wanda ya san yadda gadar Kennedy take da safe da lokacin tashi daga aiki ya san cewa ƙetarawa sau huɗu a yini tana cin lokaci da kuɗin mai da kuzari, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ban da haka, rubuta manhaja aiki ne da ke buƙatar dogon natsuwa. Kafin mutum ya tuno inda ya tsaya jiya rabin awa ta wuce. Da a shekarar farko kake, da na ce ka haƙura gaba ɗaya, domin a shekarar ce ake kafa lissafi da algoritim, kuma wanda ya yi sakaci da su yakan yi ta jan ƙafa har ƙarshe.

Yanzu ga sharaɗin da ya fi muhimmanci a wurina. Ranar da ka koma kamfanin, ka yi tambaya guda cikin ladabi: ranka ya daɗe, wa zai riƙa duba kod ɗina, wato rubutun umarnin da nake yi wa kwamfuta, kafin a sa shi cikin manhajar da mutane ke aiki da ita? In aka ambata maka suna, aka nuna maka teburinsa, aka ce aikinku yana kan Git, manhajar da ke adana kowane gyara da aka yi wa kod, kuma ba a haɗa gyaran kowa sai wani ya karanta, to ka samu wurin koyo. In aka ce maka ai kai gwani ne, an yarda da kai, kai kaɗai za ka riƙe manhajar, to ma'aikaci mai araha ake nema, kuma za ka shekara kana maimaita kurakuranka ba wanda ya nuna maka su. Akwai kuma wuraren da za su kira ka mai koyon manhaja, amma aikinka ya ƙare a gyaran firinta, sa wa sakatariya Windows da jan wayar intanet. Waɗannan ayyuka ne na halal kuma masu amfani, sai dai ba su ne za ka sayar da awannin karatunka domin su ba.

Bari in nuna maka abin da nake nufi da karanta kod, da misalin da kusan kowane sabon shiga yake faɗawa. An ba ɗalibi ya haɗa shafin da wakilin wani ɗan kasuwa zai riƙa shigar da ciniki daga wayarsa. Ya rubuta, ya gwada a ofis inda intanet ke da ƙarfi, komai ya tafi daidai. Wakilin kuwa yana kasuwar Tawa, layi yana zuwa yana ɗaukewa. Ya danna maɓallin aikawa, wayar ta yi shiru, ya sake dannawa, sai cinikin buhu goma ya shiga rumbun bayanai sau biyu, da yamma lissafi ya ƙi daidaita, a fara zargin wakilin da ba shi da laifi. Gwanin da ya karanta wannan kod tun kafin ya fita zai tambaye ka abu guda: me zai faru in saƙon ya iso sau biyu? Daga nan zai nuna maka cewa wayar ce ya kamata ta ba kowane ciniki lambarsa ta musamman tun kafin ta aika, a kuma gindaya wa teburin da ke rumbun bayanai sharaɗin kada ya karɓi lamba ɗaya sau biyu, sannan a ɗaure rage kaya daga sito da rubuta kuɗi su zama aiki guda, ko dai su faru tare ko kada ɗaya ya faru. Duk waɗannan suna cikin darasin rumbun bayanai da ake koya muku a aji, wanda wataƙila ka haddace domin jarrabawa kawai. Ranar da ka ga sun hana a ci mutuncin wani bawan Allah a Tawa, ranar ce za su zauna maka a kai. Haka nan za a nuna maka dalilin da ya sa sunan Ɗanladi ko Ƙasimu yake komawa alamar tambaya a kan rasit in ba a saita rumbun da shafin a kan UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san masu lanƙwasa, ba, da dalilin da ya sa ba a ajiye lambar waya a matsayin adadi, tun da ba a tara ta ba a ɗebe ta, kuma wani zai rubuta ta da +227 wani ya rubuta lambobi 8 kaɗai.

Wannan shi ne ribar haɗa biyun, kuma riba ce babba. Aji yana ba ka dalili, ofis yana ba ka wurin da dalilin zai yi aiki. A ofis ne za ka koyi karanta kod ɗin da wani ya rubuta shekaru uku da suka wuce ya tafi, da zama da mai shago ka fahimci abin da yake so alhali shi kansa bai iya faɗarsa ba, da adana kwafin bayanai kana kuma gwada cewa kwafin yana dawowa, da faɗin gaskiya a kan ranar da aiki zai ƙare. Amma ina gargaɗinka da wani tunani da ke shiga ɗalibai da zarar sun fara karɓar kuɗi, cewa abin da ake koyarwa a jami'a tsohon yayi ne tun da a kamfani Laravel da Flutter da React ake aiki da su, a aji kuma ana ta C da Merise da aljabara. Kayan aikin nan suna sauyawa cikin ƴan shekaru. Waɗanda muka fara sana'a da su da yawa yau ba mai neman su. Abin da bai sauya ba shi ne sanin yadda ake tsara bayanai, da dalilin da ya sa binciken da ke gudu a kan layin bayanai 500 yake tsayawa cik a kan layi 500,000, da yadda kwamfuta ke sarrafa ƙwaƙwalwarta, da yadda saƙo ke tafiya a kan intanet. Kamfani ba shi da lokacin koya maka waɗannan daga tushe.

Akwai kuma batun takardar kanta, wanda a ƙasarmu ba abin wasa ba ne. Gasar shiga aikin gwamnati da takardar shaida ake shigar ta. Masta ba ta yiwuwa sai da lisans. Bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suna rubuta matakin karatun da suke so a sanarwar ɗaukar aiki, kuma sau da yawa ana ware takardu tun kafin wani masani ya ga abin da ka iya. Hatta kamfanin da kake koyo a cikinsa, in zai nemi kwangilar gwamnati ko ta wata ƙungiya, ana tambayarsa takardun ma'aikatansa. In wata rana wani ya ba ka shawarar ka bar jami'a ka koma karatun dare a makaranta mai zaman kanta domin ka samu yininka, kada ka yi gaggawa. Ka fara tabbatar da cewa gwamnati ta amince da wannan reshen karatu, ka kuma duba ko takardar tana cikin waɗanda CAMES ta amince da su, wato majalisar da aka kafa a nan Yamai a 1968 mai hedikwata a Wagadugu, domin ita ce ke sa takarda ta yi daraja a sauran ƙasashen da ke cikinta.

Maganar takarda tsakaninka da kamfani ba ta da tsawo, amma kada kunya ta hana ka yin ta. Dokar ƙwadago ta ce kwantiragin koyon aiki a rubuce ake yin sa, in kuma sitaj ne, akwai yarjejeniyar da jami'a da kamfani da ɗalibi suke sa wa hannu. Ko wacce ce, a rubuta awanni da ranaku, da sunan mai horar da kai, da abin da za a ba ka da ranar biya, da kuma jumla guda da ke cewa za a sake ka mako biyu kafin jarrabawa har ka gama ta. Kada a sa kwanan wata a wannan jumla, a ce lokacin jarrabawa kawai, domin kalandar jami'o'inmu takan goce, jarrabawar da aka sa a wata kaza ta koma wani watan. Domin ka samu ma'auni, mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun Janairun 2024. Alawus ɗin mai koyo na rabin lokaci yana iya kasa haka ba tare da an cuce shi ba, amma in ka wayi gari kana aikin awa 40 kana riƙe da manhajar da ke kawo wa kamfani kuɗi, to ka zama ma'aikaci, kuma lokacin maganar albashi da rajista a CNSS, asusun tsaron rayuwar ma'aikata, ya yi. In kana karɓar kuɗin tallafin karatu, ka je ofishin ANAB, hukumar da ke biyan sa, ka tambayi matsayinka kafin ka sa hannu.

Abu biyu na amana. Za a buɗe maka bayanan mutane: sunaye, lambobin waya, basussuka, wani lokaci har bayanan marasa lafiya. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP da ke sa ido a kai, da dokar laifukan intanet ta 2019, kuma ko ba doka, wannan amana ce. Kada ka kwashi bayanan abokan cinikin kamfani a kan kwamfutarka ka tafi da su ɗakin kwanan ɗalibai, kada ka sa kod ɗin kamfani a shafinka na GitHub, inda ake baje kod a intanet, domin nuna gwaninta sai da izini a rubuce. Na biyun ya shafi ChatGPT da ire-irensa, waɗanda tun ƙarshen 2022 suka shiga hannun kowa. Ban hana ka aiki da su ba, ni ma ina yi. Amma kada ka liƙa musu bayanan mutane ko kalmomin sirrin kamfani, kuma kada ka miƙa layin kod ɗin da ba za ka iya bayyana shi da bakinka ba in mai horar da kai ya tambaya. Mai koyon da na'ura ke rubuta wa komai yana saurin gama aiki, amma ranar da manhaja ta tsaya kuma wuta ko intanet ta ɗauke, sai a ga babu abin da ya shiga kansa.

Shekara ta uku ita ce inda hanyoyin biyu suke iya haɗuwa, in ka shirya tun yanzu. Tun farkon shekarar ka zauna da malamin da zai jagorance ka da kuma maigidan aikinka, ku zaɓi wani yanki na aikin kamfani da zai iya zama aikin kammala karatunka, a kuma yarda tun farko a kan abin da za ka iya nunawa a gaban malamai da abin da zai zauna sirri. Ɗalibin da ya kare aikin da mutane suke amfani da shi da gaske yana amsa tambayoyi da wata irin natsuwa da ba a samu daga wanda ya ƙirƙiro matsala domin cika sharaɗi. Wannan shawara ta shafi ƴan uwanka da ke Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ma, duk da cewa kamfanonin manhaja ba su da yawa a can. Ƙungiyoyin da ke tattara bayanai da KoboToolbox da ofisoshin lafiya da ke aiki da DHIS2 suna buƙatar masu hannu, kuma gwani yana iya karanta kod ɗin ɗalibi daga Yamai ta Git ba sai sun zauna ɗaki ɗaya ba, muddin an tsayar da ranar yin hakan a kowane mako.

Game da Baba, kada ka ɗauki maganarsa a matsayin rashin fahimtar zamani. Ya ga yaran da kuɗin farko ya ɗauke wa hankali, kuma tsoronsa yana da tushe. Kada ka je masa da gardama; ka je da takardar yarjejeniyar da jadawalin darussanka, ka nuna masa ranakun aiki da ranakun aji, in da hali kuma mai horar da kai ya je ya gaishe shi, domin babba yakan natsu in ya ga fuskar wanda zai riƙe masa ɗa. Sannan ka ɗaukar masa alkawari mai ma'auni, wanda kai ma zai tsare ka: sakamakon zangon farko shi ne alƙali. In ka ci dukkan darussanka, ka ci gaba. In darasi ɗaya ya kai ka zagaye na biyu, ka rage awannin aiki nan take, ka kuma gaya wa kamfani dalili. In abin ya maimaitu a zango na gaba, ko kuma wata uku suka wuce ba wanda ya zauna ya karanta kod ɗinka, to ka ba su sanarwar wata guda, ka rubuta bayanin duk abin da ke hannunka domin wanda zai gaje ka, ka mayar da kalmomin sirri da kayan aiki, ka karɓi takardar shaidar sitaj ɗinka, ka koma aji har zuwa babban hutu.